Asibitin bayan layinmu a Kumasi: ganin likita da kati, magani da aljihu

Duk wanda ke zaune a ɓangarenmu na Kumasi, daga Aboabo zuwa Asawase da Sawaba, ya san ƙananan asibitocin nan da ke maƙale a cikin unguwa, waɗanda ba su kai babban asibiti ba, sun kuma fi ƙarfin a kira su kemis. A kan ɗaya daga cikinsu zan yi magana. Ba zan kama sunansa ba, domin ma'aikatan wurin 'yan kaɗan ne, kowa ya san fuskarsu, kuma abin da zan faɗa na rashin daɗi ba dukansa ne daga hannunsu ya fito ba. Can nake kai mahaifiyata, wadda ta haura saba'in tana fama da hawan jini. Can 'yata take kai jaririnta awo. Ni ma can nake zuwa in zazzaɓi ya kayar da ni. Atamfa nake sayarwa a kasuwar Kejetia, saboda haka duk safiyar da na yi a kan bencin asibiti safiya ce da shagona ke kulle, kuma da wannan nake auna su.

Ga hukuncina tun daga farko. In ciwo mai tafiyar hawainiya ne, hawan jini, ciwon suga, awon ciki, rigakafin yara, zazzaɓin sauro da bai yi tsanani ba, to ban ga inda ya fi nan ba a kusa da mu. In kuwa abu ne na gaggawa, musamman da dare, kada ku ɓata minti ɗaya a ƙofarsu.

Ana fara ganin marasa lafiya wajen ƙarfe takwas, amma layi tun bayan sallar asuba yake kamawa. Tsofaffi kan aiko jika ya zauna musu, su kuma su iso in rana ta ɗan ɗaga. Wurin jira rumfar kwano ce da dogayen benci, da bokitin Veronica, mai famfo a jikinsa, a bakin ƙofa don wanke hannu, wanda wani lokaci akwai sabulu a gefensa, wani lokaci sai ruwa zalla. Shara dai ana yi, ban taɓa samun tsakar wurin da datti ba. Banɗaki ne abin kunya, ɗaya tal ga maza da mata, kuma makullin yana hannun mai gadi. Ga mai koko da ƙosai a waje, sai dai wanda za a auna masa suga ya haƙura tukuna, don ana so a ɗauki jinin kafin a ci komai. Wannan ba a rubuce yake a ko'ina ba, a bakin 'yan layi ake jin sa.

Tagar farko ta kati ce. Yanzu da aka haɗa inshorar lafiya da Ghana Card, katin ɗan ƙasa kaɗai ya isa in an riga an haɗa su. Abin da na fi yabawa a duk tsarin nan shi ne sabunta inshora ta waya. Tun ƙarshen 2018 mutum zai danna *929#, ya biya da kuɗin momo, wato kuɗin da ake turawa ta waya, shi ke nan. Wanda bai yi zamanin zuwa ofis ya wuni a layi don wannan ɗan abu ba, ba zai gane girman sauƙin ba. Budurwar da ke zama a tagar takan karɓi wayar tsohuwar da ba ta iya karatu ba ta danna mata, ba ta neman ko sisi. Na gan ta tana yi ba sau ɗaya ba, fuskarta a sake. Matsalar ita ce ranar da intanet ya ɗauke. Layi kan tsaya cak, kowa ya zuba wa kwamfuta ido.

Ina da wayo a zamanin da ake kira kash-an-kari, lokacin da sai ka ajiye kuɗi kafin a taɓa ka. Mun ga matan da suka haihu aka riƙe su a asibiti har sai dangi sun haɗa kuɗin sallama. A 2003, zamanin Kufuor, aka yi dokar inshorar lafiya ta ƙasa, a 2008 aka ce mai ciki ta yi awo ta haihu ba tare da biya ba, a 2012 kuma aka sake dokar. Yara 'yan ƙasa da shekara 18, tsofaffi daga shekara 70, masu ciki da waɗanda aka tabbatar ba su da hali, duk an ɗauke musu kuɗin shekara. Don haka in na yi ƙorafi a ƙasa, kada wani ya ce na manta daga inda aka fito. Amma kada kuma a ce mini alfarma ake yi mana. Akwai harajin kashi 2.5 cikin ɗari da ke kan kaya da hidimomi musamman don wannan asusu, ana kuma yankar wani kashi 2.5 daga kuɗin SSNIT, wato asusun fansho na ma'aikata. Duk wanda ya sayi katin waya ko ya shiga babban kanti ya zuba nasa a ciki, har da wadda ba ta taɓa riƙe katin inshora ba.

Daga tagar kati sai teburin awon jini, kuma wannan teburin ne dalilin da ya sa ban canza wa Mma asibiti ba. Akwai wata nas a wurin, 'yar zango ce, tana jin Hausa da Twi da ɗan Dagbanci. Mma shekararta hamsin da wani abu a Kumasi, tana ciniki da Twi sarai, amma ciwo ba a faɗarsa da harshen kasuwa. In aka tambaye ta da Twi ko Turanci, amsarta ɗaya ce, da sauƙi. Ita kuwa wannan nas sai ta ja kujera ta matso.

"Mma, ina kwana. Kin sha na safe kuwa?"

"Na sha, 'yar nan."

"Mma, don Allah ki faɗa mini gaskiya. Na'ura ta ce ba ki sha ba."

Sai Mma ta yi dariya ta ce ai tun shekaranjiya ta ajiye, don ba ta jin ciwon kai, kuma ƙafarta na kumbura. Nan take aka gano bakin zaren. Ƙwayar da take sha, amlodipine, takan kumbura wa wasu idon sawu. Mataimakin likitan da ke duba mu, wanda duk unguwa ke kira Dokta, ya rage mata ita ya haɗa da wata. Da a wurin da ba mai jin maganarta ne, da an rubuta cewa magani ba ya aiki an ƙara mata ƙarfinsa, ita kuma ta ci gaba da ɓoye shi a ƙarƙashin filo.

Dokta mutumin Asante ne, ba ya jin Hausa in ban da gaisuwa, amma yana da haƙurin bayani. Shi ya zaunar da ni ya fahimtar da ni cewa hawan jini ba ya sallama. Mutum na iya yawo da jini sama da 140 bisa 90 shekara da shekaru ba ya jin komai, sai ranar da ɓarin jiki ya shanye ko ƙoda ta gaza. Kuma ba magani ne na sha-ka-warke ba, na kullum ne. Wannan shi ne abin da mutanenmu suka fi ƙi su ji. Mun saba da zazzaɓi, ka sha na kwana uku ka tashi. Shi ya sa mai maganin gargajiya da ke wa'azinsa a cikin tirotiro, motar hayarmu, ko a rediyo, yana cewa kwalba biyu za ta wanke jinin gaba ɗaya, yake samun kasuwa. Dokta bai zagi kowa ba. Da Mma ta ce tana shan rubutu, cewa ya yi ta sha abinta, amma ƙwaya ma ta sha. Abin da ya hana shi ne jiƙe-jiƙen kwalba da ba a san abin da ke ciki ba, da yawan gishiri, da dunƙulen magi uku a tukunya ɗaya, da kifin gishiri irin su momoni da kobi. Da ya zo kan goro Mma ta kau da kai, har yau ba a gama wannan shari'ar ba.

Wani abin da ya burge ni: ana saura 'yan makonni azumi, su da kansu suke tayar da maganar. Suna duba wanda maganinsa sau ɗaya ne a rana su mayar masa da shi lokacin sahur ko bayan buɗa-baki. Masu ciwon suga kuma ana ja musu kunne cewa wasu ƙwayoyin kan sa suga ya faɗi ƙasa warwas da rana, in mutum ya ji jiri da rawar jiki da gumi mai sanyi to ya karya, ya rama daga baya, addini ma bai ce ya halaka kansa ba. Ba kowane asibiti ne ke tuna cewa marasa lafiyarsa na azumi ba.

Yanzu sai taga ta ƙarshe, ta magani, inda duk daɗin da aka ji a ciki yake tsinkewa. Magungunan Mma duka suna cikin jerin da inshora ke biya. A takarda, ya kamata mu miƙa kati mu karɓa mu tafi. A zahiri, wata ɗaya a samu duka, wata na gaba a ba mu ɗaya a ce ɗayan ya ƙare, a rubuta mana a 'yar takarda mu je kemis. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Ni ina iya saya, alhamdu lillahi. Amma ina kallon tsohuwar da ke bayana a layi, wadda jikanta ne ya ba ta kuɗin mota, ta ninke takardar ta ɗaure a bakin zane. Na san wannan takarda ba za ta ga kemis ba. Ko kuma ta je ta ce a ba ta na sidi biyar, ta sha kwana huɗu ta ajiye. Wata mai zuwa jininta ya hau, a yi mata faɗa a kan ba ta shan magani.

Akwai kuma abin da suke kira ciko. Sai a ce maganin yana nan, amma kuɗin da inshora ke biya a kansa bai kai farashin da suka sayo shi ba, sai ka ƙara wani abu. Haka a ɗakin gwajin jini: wannan kati ya ɗauka, wancan sai ka biya. Hukumar inshora ta sha fitowa ta ce karɓar irin wannan ƙari a kan abin da ke cikin jeri haramun ne. Su kuma asibitoci a faɗin ƙasa sun daɗe suna kukan cewa kuɗinsu kan yi watanni bai fito ba, ga sidi ya sha faɗuwa, ga magani yawanci daga waje ake shigo da shi ko kayan haɗa shi. Kukan ba na yau ba ne. A 2014 sai da ƙungiyar asibitocin mishan ta dakatar da karɓar kati na wani lokaci a kan bashi. Mu 'yan yankin Asante ma an yi gwaji a kanmu daga 2012, lokacin da aka ce kowa ya zaɓi asibiti ɗaya da za a riƙa biya kuɗinsa a kan kai, in ka je wani wuri a juya ka. An sha rigima kafin a soke shi a 2017. A 2025 gwamnatin Mahama ta cire ƙaidin da aka sa wa kuɗin harajin lafiya, don ya riƙa shiga asusun gaba ɗaya. Na ji daɗin labarin. Inda zan gane ya iso gare mu shi ne a wannan tagar.

Duk na fahimci uzurinsu. Abin da ban yafe musu ba shi ne rashin rasit. In na biya ciko na ce a ba ni shaida, sai a fara duba-duba, littafin yana wurin wane, wane ya fita. Ranar da na tsaya na ce ba na tafiya sai da shi, cikin minti biyu littafin ya bayyana. Ba na cewa wani na sa kuɗi a aljihu, ban gani ba. Amma kuɗin da ba shi da takarda yana ɓata sunan masu gaskiya ma.

Zazzaɓi ba ni da dogon zance a kai. Suna tsaga yatsa su gwada kafin su ba da magani, sakamako kan fito cikin minti ashirin, kuma maganin zazzaɓin sauro ban taɓa zuwa aka ce babu ba. In gwaji ya nuna ba sauro ba ne, ba sa ba ka maganinsa don kawai ka nace. Mutane na jin haushin wannan, ni ina ganin daidai ne.

Ranar awon yara wurin kan koma kamar gidan suna. Nas-nas masu ruwan ƙasan kaya, waɗanda aikinsu shiga unguwa ne, su ke riƙe da wannan ɓangare. A rataye yaro a sikeli, a rubuta nauyinsa a littafin nan guda na uwa da ɗa da aka fito da shi a 2018, a yi allurar da ta kama, a ɗiga bitamin A in lokacinsa ya yi. Allurar rigakafi ba a biya. In uwa ta tsallake wata, sukan kira ta a waya, wani lokaci ma su biyo ta gida. Wannan ɗabi'a ta bin mutane gida daga tsarin CHPS ta fito, wato tsarin kai kiwon lafiya cikin al'umma, wanda aka fara gwadawa a Navrongo a shekarun 1990 kafin ya zama na ƙasa baki ɗaya. Don ƙauyuka masu nisa aka tsara shi, amma lungunan zango ma suna bukatarsa, domin a nan ba nisa ke hana mace zuwa asibiti ba, tallan safe ne da jiran izinin maigida. Aibinsu ɗaya: baki. In yaro bai ƙara nauyi ba, a gaban kowa ake tambayar uwar me take ba shi. 'Yata ta dawo ran nan tana huci, ba don ita aka yi wa ba, don wata yarinya mai haihuwar fari da aka sa ta kuka a cikin mutane.

Wannan ya kawo ni kan sirri, wanda a ganina shi ne babban gibin wurin bayan magani. Tsakanin ɗakin Dokta da benci labule ne da katako mara kauri. Duk abin da aka faɗa a ciki, na bakin ƙofa yana ji. A unguwar da mai jiran layi maƙwabciyarka ce ko ƙanwar kishiyarka, wa zai buɗe baki ya faɗi ciwon sanyi? An sa tsarin iyali a cikin inshora tun 2022, maganin tarin fuka da na cutar HIV kuma kyauta gwamnati ke bayarwa, amma na san matan da ke hawa mota su tafi can wani gefen gari don waɗannan abubuwa, inda ba mai gane su. Wadda ba ta da kuɗin motar sai ta zauna da abinta. Ƙofa mai rufuwa da matsar da benci taku biyar ba su bukatar kasafin kuɗin ƙasa.

Akwai kuma waɗanda ban cika gani a benci ba sam, alhali sun fi kowa bukata. 'Yan matan nan masu ɗaukar kaya a ka, da suka zo daga arewa, su ke ɗaukar mini dilar atamfa a Kejetia. Da yawansu a nan kusa da mu suke kwana, su goma a ɗaki ɗaya, wasu da goyo. In ka tambayi kati, ko babu, ko ya mutu tun a garinsu. Sabon mai rajista kuma a ƙa'ida yakan jira wata guda kafin katin ya fara aiki, in ban da masu ciki da ƙananan yara. Wadda ke cin abin da ta samu a yini ba za ta bar kasuwa daga asuba zuwa azahar ta zauna a layi ba. Kemis take zuwa ta sayi maganin ciwon jiki ta haɗiya ta koma ƙarƙashin kaya. Asibitin nan yana rufe ganin marasa lafiya na yau da kullum tun kafin la'asar, daidai lokacin da su ba su tashi ba. Da za a ware yamma ɗaya a mako, ko safiyar Lahadi da kasuwa ke hutu, da an ga fuskokin da ba a taɓa gani ba. Na faɗa wa nas ɗin nan tamu. Ta ce, "Hajiya, mu nawa ne? In na zauna yamma, wa zai zo safe?" Ban sami abin ce mata ba.

Da dare akwai ungozoma da nas guda a bakin aiki, kuma haihuwar da ta zo daidai suna karɓa lafiya. Amma babu ɗakin tiyata, babu ajiyar jini, ɗakin gwaji a kulle, in wuta ta ɗauke janareto sai ya ga dama. Abin da za su yi wa mai shanyewar jiki, ko mai naƙudar da ta zo da zubar jini, ko yaron da ke sanƙarewa, shi ne taimakon farko da takardar turawa gaba, zuwa asibitin Manhyia ko Komfo Anokye, wanda har yau muke kira Gee. Gee kuwa ba na Kumasi kaɗai ba ne, har daga arewacin ƙasar ake turo masa marasa lafiya, gado kusan 1,200 amma kullum a cike. Kowa ya tuna dattijon nan da ya rasu a cikin mota a Akra a 2018 bayan an juya shi daga asibitoci bakwai a kan babu gado. An raba motocin asibiti 307 a farkon 2020, lambar kira kuma 112 ce, sai dai lungunanmu da yawa mota ba ta shiga, ga kwata a tsakiyar hanya, sai an ɗauko mara lafiya a hannu zuwa bakin titi. A nan zan yaba wa ungozomar wurin: ba ta riƙe abin da ya fi ƙarfinta. Lokacin da maƙwabciyata ta zo haihuwa jininta ya hau, ba ta tsaya gwada sa'a ba, ta sa mata allura, ta buga waya can gaba ta sanar, ta shiga motar tare da su.

Wanda zai je, ya tafi da katinsa a raye, ya duba ta waya tun a gida. Ya ɗauki kwalayen duk maganin da yake sha, har na gargajiya, don Dokta ya gani da idonsa. Ya riƙe ɗan kuɗi ko da kati ya ce kyauta. In an ce magani ya ƙare, ya tambaya ko akwai kemis mai karɓar inshora a kusa, domin akwai irinsu, sai dai ba a faɗa sai an tambaya. Su kuma masu asibitin, roƙona gare su ƙarami ne: kowace safiya a liƙa takarda a jikin tagar magani, a rubuta abin da ke akwai, abin da ya ƙare, da abin da kati ya ɗauka, a kuma sa wani ya karanta wa 'yan benci da Hausa da Twi kafin a fara kiran suna.